Daƙiƙa Goma Sha Tara

A Gadarif, bayan kasuwar riɗi,
shagona taku huɗu ne da rabi.
Fanka na kwashe zafi daga wannan bango ta kai wancan,
kwamfuta na nishi a ƙarƙashin tebur
kamar tunkiyar da ta yi ɓarna a rumbu.

Attayyib ya shigo da la'asar, ƙurar buhu a girarsa,
ya ajiye waya. "Kakata ce, Tasalla.
Minti arba'in tana zuba.
Mai da shi biyar, dangi a Ringim za a tura wa,
kuɗin data ya yi musu tsada.
Cire tari, cire shiru, bar labari."

Na juye ta cikin manhaja.
Ga ta shimfiɗe a kan allo,
hoto a sama, murya a ƙasa,
muryar ta zama kunyoyi kore kamar gonar da aka huɗe:
inda ta yi dariya, tudu,
inda ta yi shiru, fako.

"A kan jaki na taso, tsakanin mangala da tulu.
Abeshe, Fashir, Ubayyid. Makka muka nufa.
Baba ya ce a tsaya nan damina ɗaya a tara guzuri."
Ta dubi mai ɗauka, haƙoranta uku.
"Damina ɗaya. Ga ta nan, ba ta ɗauke ba."

Na ɗauki almakashin da ba ya tsatsa.
Tari ya tafi. Carar zakara ta tafi.
Yaron da ya gifta da butar jabana, na datse shi a ƙugu.
Kafin isha'i ta dawo biyar cif,
tana magana ba numfashi kamar mai karanta sanarwa,
kanta na tsalle a kowace gaɓa.
Na shafa wa gaɓoɓin mai, hoto na narkewa cikin hoto.
Ya yi sumul. Amma ba ita ba ce.

Sai na koma tonon abin da na zubar.
Wani fako mai daƙiƙa goma sha tara.
Kafin shi, muryar Attayyib daga bayan waya:
"Kaka, ya sunan ƙanwarki da aka binne a hanya?"
Na ja linzami a hankali, hoto ɗaya, hoto ɗaya.
Bakin ya buɗe. Carbi ya tsaya tsakanin yatsu biyu.
Idon ya tafi yamma, ya daɗe can,
ya dawo hannu rabbana.
"Ya ɓace mini," in ji ta.

Can gaba kuma, minti na talatin da shida,
tana tsakiyar ƙorafin farashin riɗi,
wani tsini ya miƙe shi kaɗai a cikin koren.
Na yanke shi ɗazu, na ɗauka 'yar gida take kira.
"Hansai!"
Ba wanda ya amsa. Ta ci gaba da zancen riɗi,
amma hannun ya koma jan carbi.

Manhaja ba ta hana ni komai ba.
Ina iya ɗauko sunan in liƙa shi a gindin tambaya,
Ringim ta ga tsohuwa mai kaifin ƙwaƙwalwa.
Na ɗauko ma. Na ajiye. Na saurara sau biyu.
Sannan na danna koma baya, koma baya, koma baya,
har shirun ya dawo mazauninsa,
har riɗi ya sake shiga tsakani.

Minti tara ya kama.
Gobe Attayyib zai ce ba haka muka yi ba,
zan ce ya rage fam nawa ya ga dama.
Na adana. Wuta ta ɗauke.
A duhu na zauna ina jin fanka tana ƙarasa juyinta,
ina laluben sunan rijiyar
da mahaifiyata ke yawan ambata.